Ziyarar Mama Sushila

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa ta,
Ilufeju zuwa shago, shago zuwa asibiti.
Bana likita ya ce zuciyarta ba ta ɗaukar jirgi.
Ta ninke tikitin Indiya gida huɗu,
ta danne shi da gwangwanin shayi,
ta ce, “Tanimu, cika tanki.
In kogi ya yi nisa, sai a gaida ƙaninsa.”

Litinin muka sauka Kara, bakin kogin Ogun,
ta ce yau nan ne Haridwar,
inda ruwa ke barin duwatsu ya shigo cikin mutane.
Ni dai ban ga dutse ba, sai tireloli,
da dillalai suna ciniki a kan ƙahon shanu.
Ta tuɓe takalmi a cikin wannan caɓi,
ta nufi wani farin bijimi mai lamba ja a gadon baya,
ta dafa goshinsa, tana yi masa raɗa.
Mai shi ya tambaye ni, saye za ta yi?
Na ce a'a, gaisuwa ce.
Ban fassara mata abin da jar lambar ke nufi ba.
Ina jin ta sani.

Talata gada ta riƙe mu awa uku,
'yan talla suna ƙwanƙwasa gilashi da filanten.
Ita tana jan carbinta na itace,
nawa yana rataye a madubi yana lilo.
Da la'asar muka kai inda tafkin Ikko ke sadar da kai ga teku.
Ta ce can gida koguna uku ne ke gamuwa,
biyu ido na gani, na ukun sai wanda ya yarda.
Na leƙa: ruwa biyu, da maiƙon jirgi, da silifa guda.
Na ce, “Mama, na ukun fa?”
Ta nuna ƙirjin da likita ya ce ya gaji.

Laraba ba mu fita ba.
Ƙafa ta kumbura, sama ta yini tana zuba.
Na wanke motar duk da haka.

Alhamis sai Epe, bayan kasuwar kifi.
Garin yau suna biyu gare shi, in ji ta,
na zaɓi Banaras,
don ɗayan ba ya fita bakin Bahaushe ba dariya.
Ta sayi ganye wurin mai alala,
ta murza auduga, ta tsoma a man shanu,
ta fito da 'yar butar tagulla mai ruwan can,
wanda mijinta Gobind ya ɗebo tun ƙafarsa na zuwa.
Rabi ta zuba. Rabi ta rufe.
Ashana uku iska ta cinye, ta huɗu ta kama.
Fitilar ta yi ta tangaɗi tsakanin kwale-kwale,
wani yaro ya ɗaga filafilinsa ya ba ta hanya.

Ban taɓa fitilar ba, ba ta ce in taɓa ba.
Takalminta na riƙe, da jakar magani.
Da aka kira magariba ita ta karɓi makullin,
ta ce, “Je ka, naka ma yana jira.”
Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A hanyar dawowa barci ya ɗauke ta a baya,
butar na cinyarta, hannu biyu a kai.
Ni ina lissafin adashina na Makka,
kullum kujera tana yi mini nisa kamar inuwar yamma.
Wajen Aja ta farka ba ta buɗe ido ba,
ta ce, “Kai ka tafi tun zuciya na ɗaukar jirgi.”

Yau kwana tara.
Yashin Epe yana nan a shimfiɗar baya,
sawun ƙafa ɗaya, ƙarama.
Na share ko'ina, na tsallake wurin.